Tarihin Wasan Kurket a Ƙauyukan Ingila

Ran 17 ga watan Janairu na shekarar 1598 aka zauna shari'a a garin Guildford, cikin lardin Surrey a kudancin Ingila, a kan rigimar wani ɗan fili. Mutanen gari suna cewa filin na jama'a ne tun kaka da kakanni, wani mutum kuwa ya kewaye shi ya mai da shi nasa. Aka nemi shaidu. Cikin waɗanda suka zo akwai wani dattijo mai shekara 59 da haihuwa, ana ce da shi John Derrick, aikinsa binciken sanadin mutuwar waɗanda suka mutu ba zato. Ya yi rantsuwa, ya ce ya san filin nan yau shekara 50 ko fi, gama sa'ad da ya ke yaro a makarantar garin, nan ne shi da abokansa su kan je su yi guje-guje, su yi wasan kurket da waɗansu wasanni. Akawun kotu ya rubuta maganarsa, aka wuce. To, cikin dukan takardun da aka tono a Ingila, wannan ce ta fari wadda aka tabbata ta ambaci sunan wasan nan, da ita kuma aka san ana yinsa tun wajen 1550.

Ba abin mamaki ba ne da labarin ya soma daga bakin shaida. Kurket wasan talakawan ƙauye ne, su kuwa ba su rubutu, masu rubutu kuma ba su ga abin rubutawa ba cikin wasan yara da makiyaya. Saboda haka farkon tarihinsa ba a samunsa sai a littattafan kotu, watau sai ran da wasan ya jawo wa wani tara, ko rauni, ko bashi.

Ga yadda a ke yinsa, domin wanda bai taɓa gani ba ya iya bin labarin. Mutum 11 ne a kowane gefe. A kan kafa turaku uku sirara a jere, a ɗora 'yan guntayen itace biyu a bisansu, sa'an nan a kafa waɗansu uku daura da su, tsakaninsu yadi 22. Gefe ɗaya su shiga bugu biyu-biyu, kowa ya tsaya gaban turakunsa da sandar bugu, mai faɗi kamar allo, mai mariƙi kamar na muciya. Ɗaya gefen su ba da mai jifa, sauran su watsu cikin fili suna tsaro. Mai jifa yana neman ya kaɗe turaku da ƙwallo, mai bugu yana kare su. In ya bugi ƙwallon ya yi nisa, sai shi da abokinsa su sheƙa su yi musanyar wuri. Kowace musanya ita ce gudu ɗaya, da ita a ke lissafi. In ƙwallo ya kaɗe turaku, ko wani ya cafe shi kafin ya taɓa ƙasa, ko aka kaɗe turaku mai gudu bai iso ba, to ya fita, sai wani ya shigo. In mutum 10 sun fita, shigar gefen nan ta ƙare. A babban wasa kowane gefe ya kan shiga sau biyu, wanda ya fi tara gudu shi ya ci. Amma wannan siffar yau ce. Ta dā ba haka ta ke ba, rigima bayan rigima ce ta gyara ta.

Asalin wasan daga dazuzzuka da makiyayar tumaki na lardunan Kent da Sussex da Surrey ne. Cikin 1611 a ƙauyen Sidlesham aka gurfanar da mutum biyu gaban kotun coci, laifinsu sun tafi kurket ran Lahadi maimakon su je ibada. Aka ci su tarar sule ɗai-ɗai, wanda a zamanin nan ya kai ladan yinin ɗan ƙwadago, har ya fi. Cikin 1622 a Boxgrove aka kai ƙarar waɗansu don sun yi wasa cikin harabar coci, masu ƙara suka ce suna farfasa tagogi, kuma saura kaɗan su fasa kan wata 'yar yarinya da sanda.

Wadda ta fi muni ita ce ta 1624 a Horsted Keynes. A lokacin nan ba abin da ya hana mai bugu ya sāke dūkan ƙwallo. Wani Edward Tye ya buga ƙwallo ya tashi sama, ya ga Jasper Vinall ya taho zai cafe, sai ya kai bugu na biyu don ya tsira, sanda ta sami Vinall a ka. Bayan kwana 13 ya mutu. Masu bincike suka zauna, suka yanke cewa tsautsayi ne, ba ganganci ba. Cikin 1647 aka sāke yin irin wannan a Selsey, wani Henry Brand ya rasa ransa. Ran mutum biyu ke nan, amma sai cikin dokokin 1744 ne aka ga an rubuta cewa wanda ya bugi ƙwallo sau biyu da gangan ya fita.

Abin da ya ɗauke wasan daga hannun yara ya kai shi gaban manya kuwa, caca ce, ba a ɓoye wannan. Bayan da aka mayar da sarauta a Ingila cikin 1660, masu sarauta da masu dukiya suka faɗa wa caca ƙwarai, a kan sukuwa da dambe da faɗan zakaru, har majalisar ƙasa ta yi doka cikin 1664 ta sa iyaka fam 100. Ba a jima ba suka gane ashe kurket ma wurin zuba kuɗi ne. Cikin 1697 wata jarida ta ba da labarin babban wasa a Sussex, mutum 11 da mutum 11, a kan gini 50. Gini kuɗin zinariya ne, daga baya aka tsai da shi sule 21. Inda kuɗi ya shiga kuwa, ƙara ba ta nisa. Cikin 1718 mutanen Landan suka yi wasa da na Rochester. Da na Rochester suka ga za a ci su, sai suka fice daga fili don kada su biya. Aka kai su gaban babban jojin ƙasa, Pratt. Shi kuwa bai tsaya yanke wa kowa kuɗi ba, ya ce su koma fili su ƙarasa abin da suka fara. Aka ƙarasa cikin 1719, Landan ta ci da gudu 21. Hukuncin nan yana da kyau, gama ya mai da rigimar inda aka haife ta.

Don gudun irin wannan ne manya suka soma rubuta sharuɗɗa kafin wasa. Takarda mafi tsufa da ta rage ita ce ta 1727, tsakanin Duke na Richmond, wani babban basarake na Sussex, da Alan Brodrick na Surrey. A ciki sun yarda kowane gefe ya kawo alƙalin wasa ɗaya, kuma duk ɗan wasan da ya sa baki cikin hukunci a fitar da shi. Sa'an nan suka ƙara cewa wannan sharaɗi bai hau kan Duke da Brodrick ba. Mai dokar barci ya keɓe wa kansa gyangyaɗi tun a rubuce.

Manyan nan ba su iya cin wasa da kansu ba, sai da talakawa. Saboda haka in basarake ya ji labarin gwani a wani ƙauye, sai ya ɗauke shi aiki a gidansa, ya zama mai kula da lambu ko ɗan barga, da damina kuwa ya yi masa wasa. Wani lokaci kuma ya rungumi ƙauye ɗungum. Haka Duke na Richmond ya yi wa Slindon, ɗan ƙaramin ƙauye kusa da gidansa, inda akwai 'yan'uwa uku masu sunan Newland, babban gwaninsu Richard. Ran 2 ga watan Yuni na 1744 Slindon ta tafi Landan ta ci mutanen birni da gudu 55, takardar lissafin wasan nan ita ce mafi tsufa da ta rage a duniya. Kafin shekarar ta fita mutanen Slindon suka yi shela cewa duk ƙauyen da ya ji ya isa a Ingila ya fito. A wannan shekara ce kuma aka rubuta dokokin wasan na fari a Landan: tsakanin turaku yadi 22, mai jifa ya yi jifa huɗu a sauya gefe. Yadi 22 ɗin nan tsawon sarƙar awon gona ce ta masu safiyo, har yau kuwa ba a taɓa shi ba.

Amma ƙauyen da sunansa ya danne na sauran duka shi ne Hambledon, cikin lardin Hampshire, arewa da tashar jiragen ruwa ta Portsmouth. An fara jin sunansa cikin 1756, sa'ad da suka kara da mutanen Dartford. Filinsu, Broadhalfpenny Down, yana bisa wani tudu mai iska, wajen mil biyu daga gari, makiyayar tumakin ƙauyen ce. Ba kome a gefensa sai wani ɗan masauki inda a ke sayar da abinci da abin sha, wanda daga baya aka sa wa suna Bat and Ball. Mai masaukin nan, Richard Nyren, shi ne madugun 'yan wasa. Mutumin Sussex ne, a wurin Richard Newland na Slindon ya koya, ga shi bahago, ga shi ya san dokoki, in gardama ta tashi gare shi a ke zuwa.

Kulob ɗin Hambledon kashi biyu ne, kuma ya kamata a rarrabe su. Akwai 'yan kulob, watau masu gonaki da malaman coci da hafsoshi, waɗanda su ke biyan kuɗin shekara, su taru su ci su sha su yi caca. Babba cikin waɗanda suka kafa shi wani malamin coci ne, Charles Powlett, ɗan Duke na Bolton. Akwai kuma 'yan wasa, waɗanda a ke biya. Ran Talata su kan taru su yi gwaji, gefen da ya ci a ba kowa sule huɗu, wanda aka ci sule uku. Kulob yana da littafin da a ke rubuta abin da aka zartar a kowane zama, har da tarar wanda ya saɓa, har da sayen keken doki na kai 'yan wasa garuruwa masu nisa.

'Yan wasan nan kowa da sana'arsa. John Small na Petersfield baduku ne, yana kuma sassaƙa sandunan bugu da ɗinka ƙwallaye, ga shi makaɗin goge. Tom Sueter, mai tsaron bayan turaku, kafinta ne kuma magini, ran Lahadi yana cikin mawaƙan coci. Thomas Brett manomi ne, ba wanda ya kai shi ƙarfin jifa a zamaninsa. Noah Mann ya kan hau doki daga Northchapel, tafiyar wajen mil 20, don kada gwajin Talata ya wuce shi. Lamborn makiyayi ne, a bayan tumakin ubansa ya koyi jifa, ya kafa shinge yana jifansa yini guda, har ya gano yadda zai murɗa ƙwallo ya karkace ta inda masu bugu ba su saba ba. David Harris maginin tukwane ne, da hunturu in fili ya daskare sai ya shiga rumbu ya ci gaba da gwaji, har ya zama ba na biyunsa. Da ciwon gaɓoɓi ya kama shi, a kan kawo masa kujera cikin fili, ya yi jifa ya zauna, ya tashi ya sāke. Tom Walker na Churt kuwa haƙuri ne makaminsa, an ce ya taɓa tare jifa 170 daga hannun Harris, gudu ɗaya kaɗai ya yi. Masu lissafi su kan zauna a gefe da kara da wuƙa, kowane gudu su yi tsaga ɗaya, na goma su zurfafa ta.

A hannun waɗannan mutane ne wasan ya sāke kama. Dā mirgina ƙwallo a ke yi a ƙasa, sandar bugu kuwa mai lanƙwasa ce kamar gora. Wajen 1760 masu jifa suka fara cilla shi ya faɗi ya yi tsalle, gora ta kāsa, sai aka koma miƙaƙƙiyar sanda mai faɗi, Small kuwa shi ne ya fi kowa gwaninta da ita. Amma ba a ce ga iyakar faɗinta ba. Cikin watan Satumba na 1771 Hambledon ta je wasa da Chertsey a Laleham Burway, sai ga wani Thomas White na Reigate ya shigo da sanda mai faɗin turakun duka, ya kafa ta gabansu, ba ta inda ƙwallo zai bi. Bai karya doka ba, tun da babu ita. Duk da haka Hambledon ta ci da gudu ɗaya tak. Nyren da Brett da Small ba su bar maganar ba, suka nemi a tsai da faɗin sanda inci huɗu da kwata, aka shigar da shi cikin dokokin 1774, aka ƙera ma'aunin ƙarfe wanda a ke zura sandar da aka yi shakkarta. Inci huɗu da kwatan nan shi ne doka har yanzu. White ya cancanci a gode masa, ko da ya ke ba gyara ya nufa ba, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ne kuwa ya nuna tsagar.

Turaku ma dā biyu ne, da ɗan itace ɗaya a gicciye. Cikin watan Mayu na 1775 aka yi wasan mutum biyar-biyar a Landan, Hambledon da Kent. Small ne ya shiga ƙarshe, ana neman gudu 14. Mai jifa shi ne Edward Stevens, wanda a ke yi wa laƙabi da Lumpy, mai kula da lambun Earl na Tankerville, mutumin da ba ya kuskuren saiti. Sau uku yana wuce sandar Small, sau uku ƙwallo yana bi ta tsakanin turaku bai taɓa kome ba. Small ya sami gudunsa 14, Hambledon ta ci. Kowa ya ga an cuci Lumpy, gama iyakar gwanintarsa ce ta zama hasararsa. Daga nan aka yarda a ƙara turke na uku a tsakiya, sannu a hankali ya game ƙasa.

A cikin shekarar nan ne kuma aka yi abin da ya nuna irin zaman da ke tsakanin 'yan kulob da 'yan wasa. Surrey ta zo Broadhalfpenny, Hambledon ta shiga wahala, har Powlett da wani abokinsa suka fid da rai, suka juya suka zuba kuɗinsu a kan Surrey. Small da Nyren suka tsaya, Small ya yi gudu 136, Nyren 98, wasa ya juye. Da Nyren ya fito, manyan nan suka tare shi suna kukan zai sa su yi hasara. Aka ce ya amsa musu cewa nan gaba kada su ƙara zuba kuɗi a kan za a ci maza irinsu. Mai masauki ne ya faɗa wa ɗan Duke haka, kuma ba abin da aka yi masa.

Ƙarshen ɗaukakarsu ita ce ta watan Yuni na 1777, a filin Sevenoaks cikin Kent, inda suka kara da zaɓaɓɓun Ingila duka. Ingila ta shiga ta yi 166. Hambledon ta shiga ta yi 403, cikinsu James Aylward shi kaɗai ya yi 167, ya fi na Ingila gaba ɗaya da gudu guda. Ingila ta sāke shiga ta yi 69. Watau shigarsu biyu ba ta kamo ɗaya ta Hambledon ba, da sauran 168. Ba wanda ya wuce lissafin Aylward a babban wasa sai cikin 1820. Amma nasarar nan ita ta jawo musu ido. Sir Horatio Mann, attajirin Kent, ya zare Aylward ya ba shi aikin sarkin gandu a gonakinsa. An ce bai iya aikin ba ko kaɗan, amma ai ba don gandu aka ɗauke shi ba.

Abin da ya kashe Hambledon ba a fili ya same ta ba. Manya suka fara ƙorafin nisa da sanyin tudun, cikin 1782 aka koma Windmill Down kusa da gari. Wannan bai isa ba, gama abin da su ke so shi ne wasa a ƙofar gidajensu na Landan. Earl na Winchilsea, wanda ya shugabanci kulob ɗin Hambledon da kansa, shi da Charles Lennox suka ce wa wani ma'aikacin kulob ɗinsu na birni, Thomas Lord, ya nemi fili ya kewaye, in ya yi hasara su za su biya. Cikin 1787 aka buɗe filin Lord, aka kafa kulob ɗin Marylebone, wanda a ke taƙaitawa MCC, cikin 1788 kuma ya fito da dokoki da sunansa. Tun daga ran nan riƙon dokokin kurket ya koma birni, yana hannun MCC har yau. Kuɗi ya bi manya, gwanaye suka bi kuɗi. Cikin 1793 yaƙi ya tashi da Faransa, ya kwashe hafsoshi da samari. A zaman ƙarshe da aka rubuta a littafin kulob, cikin 1796, magatakarda bai sami abin rubutawa ba sai cewa ba wani babban mutum da ya zo. Ya rufe littafi. Filin Broadhalfpenny ya koma hannun manoma.

Da ba don mutum ɗaya ba, da sunayen nan duka sun bi iska. John Nyren, ɗan Richard, ya tashi yana kallonsu tun yana yaro. Da ya tsufa ya ba da labarinsu, Charles Cowden Clarke ya taimake shi shiryawa, aka buga cikin 1833 a littafin The Young Cricketer's Tutor. Ɗa ne ke yabon ubansa da abokan ubansa, saboda haka a rage wani abu, amma takardun lissafi sun gaskata yawancin abin da ya faɗa. Wanda ya fi daɗewa cikin gwanayen shi ne William Beldham, manomin Wrecclesham kusa da Farnham, wanda ya rasu cikin 1862 yana da shekara 96, har aka ɗauki hotonsa da rigar noma da sanda a hannu.

Bayan wannan babban wasa ya bi hanyarsa. Cikin 1835 aka yarda mai jifa ya ɗaga hannu daidai kafaɗa, abin da aka hana Tom Walker tun dā, cikin 1864 kuma aka yarda ya wuce da shi bisa kai. Jirgin ƙasa ya zo, William Clarke na Nottingham ya tara gwanaye 11 cikin 1846 yana yawo da su gari-gari, suna karawa da mutum 18 ko 22 na wurin, ana biyan kuɗin kallo. Cikin 1890 aka tsara gasar larduna. Ƙauye ba shi da sauran baki cikin doka ko kuɗi.

Amma wasan bai bar ƙauye ba, har ma ya ƙara yaɗuwa, sai dai ya koma abin da ya ke tun fari. Kusan kowane ƙauye ya sami kulob ɗinsa. Mai gonakin wurin ya ba da fili ko a yi a dandalin gari, malamin coci ya riƙe littafi, maƙeri ya yi jifa, malamin makaranta ya yi lissafi. Tumaki ne masu yankan ciyawa, sai a kewaye tsakiyar fili kaɗai, ran wasa a kwashe shinge da kashin dabbobi. Doki ke jan abin daddaɓe ƙasa, a sa masa takalman fata don kada kofato ya ɓata wuri. Ran Asabar da rana a ke yi, a tsakiya a tsaya shan shayi wanda matan gari suka shirya, alƙalin wasa kuwa kowane ƙauye da nasa, kowa ya kuma san inda zuciyarsa ta ke. Turawa sun cika yabon wannan zama, suna cewa a fili bara ya kan fitar da ubangidansa ba a ce masa kome ba. Gaskiya ne, amma ta yini ɗaya ce. Ran Litinin kowa ya koma matsayinsa, a babban wasa ma sai cikin 1962 aka daina rarrabe masu yi don sha'awa da masu yi don lada, waɗanda dā ko ɗakin sauya tufafi ba su haɗawa.

Daga irin waɗannan ƙauyuka da makarantu ne ma'aikatan mulkin Ingila suka ɗauki wasan suka kai ƙasashen da suka mallaka. A Nijeriya an yi wasa tsakanin Ikko da Gwalkwas cikin 1904. A Arewa ta hanyar makaranta ya shigo, Kwalejin Katsina wadda aka buɗe cikin 1922 ta koya wa ɗalibanta kurket da fayis. Amma a nan bai sauka ƙauye ba, ya tsaya a makaranta da bariki, ƙwallon ƙafa ne ya shiga gari.

Cikin 1908 aka kafa dutsen tunawa a Broadhalfpenny, aka yi wasa a wurin bayan fiye da shekara 100 ba a yi ba. Shekara shida bayan haka Yaƙin Duniya na Fari ya tashi, ƙauyuka da yawa suka rasa 'yan wasansu, sunayen da ke cikin littafin lissafi na 1914 su ne aka sassaƙa a duwatsun tunawa da matattu a bakin filayen. Bayan Yaƙi na Biyu kuma injin noma ya rage ma'aikatan gona, samari suka tafi birni, waɗansu kulob suka mutu, waɗansu suka haɗe.

Cikin 1972 mujallar The Cricketer ta kafa gasa ta ƙauyuka zalla, da alkawarin cewa biyun da suka rage za su kara a filin Lord's, watau gidan MCC. Ƙauyuka wajen 800 suka shiga. Troon, ƙauyen mahaƙan kuza a lardin Cornwall, shi ya ci na fari, ya sāke ci cikin 1973 da 1976. Cikin 1985 sai ga Freuchie, wani ƙauye daga Fife a ƙasar Sikotilan, inda Ingilishi ba su zaci an san kurket ba, sun iso Landan da mutanen garinsu da masu busa. Abokan karawarsu Rowledge ne, maƙwabtan Wrecclesham, garin Beldham. Rowledge ta shiga ta yi 134, duka suka fita. Freuchie ta shiga, jifa ya ƙare tana da 134 daidai. Aka duba dokar gasa, ta ce in lissafi ya zo ɗaya, wanda mutanensa ba su fita da yawa ba shi ya ci. Na Freuchie takwas suka fita, na Rowledge goma, aka miƙa wa Freuchie kofi.